Hannun da Tanderu Ya Cinye

Baba Tanderu ya shiga gidan burodin da ke bayan tashar mota tun gashin bakinsa bai yi ƙwari ba, bai kuma fito ba sai da furfura ta gama da kansa. Aikinsa guda ne duk tsawon shekarun nan: tsayuwa a bakin wuta. Wasu su kwaɓa, wasu su yanka su auna, wasu su shafa wa gwangwanaye mai. Shi nasa ya ce yanzu, ko ya ce tukuna. In ya ce yanzu, a tura kwaɓi cikin tanderu. In ya ce tukuna, ko mai gidan burodin ne da kansa sai ya nemi buhun fulawa ya zauna.

Akwai agogon zafi a jikin ƙofar tanderun, mai jar allura da fasasshen gilashi. Baba ya iya karanta shi sarai, ya san ɗari biyu da ashirin ake nema. Yarda da shi ce bai yi ba. Allurar takan yi nawa da sanyin safiya, ta yi rawar kai da rana, wani lokacin ta maƙale sai an ɗan ƙwanƙwashe ta da yatsa. Shi kuwa sai ya buɗe ƙofar, ya miƙa hannu cikin bakin wutar, ya lumshe ido kamar mai sauraron labari daga nesa.

"Goma sama, goma ƙasa, burodi bai san da su ba," yakan ce wa duk wanda ya nuna masa allurar. "Ka buɗe ƙofa, ka ɗan jira, za ta sauko. Wuta ba ta son a firgita a gabanta."

Gaskiya yake faɗa, a kan burodi. Shekara da shekaru garin ya ci gashinsa, ba a taɓa maido masa da ɗanye ba.

Sai dai wuta ba ta koyar da mutum kyauta. Ta fara da gashin hannunsa, ta lashe shi tas har gwiwar hannu. Ta koma tafin, ta toya shi a hankali, kanta a kan kanta, har ya zama kamar tafin tsohon takalmi. Da ciwon suga ya zo daga baya, ya tarar an riga an yi masa rabin aikin, sai ya ƙarasa. Lokacin da gwiwoyinsa suka ƙi tsayuwa ya ajiye aiki, yatsunsa sun daina bambance ruwan ɗumi da na randa. Shi bai ɗauke shi asara ba. Alfahari ma yake yi da shi. Yakan sauke butar shayi daga kan wuta ba tsumma, ya ajiye ta a gaban matarsa, yana jiran yabo.

"Sannu, mai hannun katako," takan ce. "Ran da na rasa itace da kai zan hura."

Matarsa tela ce. Kekenta yana bakin taga a ɗakinsu na hawa na biyu, inda hasken rana ke faɗowa kan allura. A shekarun aikinsa shi yana dawowa ne lokacin da take tashi, yana tashi lokacin da take shirin kwanciya, har takan ce ita ba miji ta aura ba, ƙanshin burodi ta aura, shi take tararwa a kan matashi. Da ya zauna a gida, sai suka fara sanin juna da rana, tsofai-tsofai da su, kamar baƙin da suka haɗu a mota ɗaya. Ya gano tana magana da zare in ya harɗe. Ta gano ba ya iya zama wuri guda sai ya tashi ya duba abin da ba a sa shi dubawa ba. 'Ya ɗaya Allah ya bar musu, suna kiranta Tilo, ita ma ta tafi wata ƙasa mai nisa, tana aiki a gidan kula da tsofaffi, tana wanke iyayen wasu.

Ciwon ya zo wa Innar Tilo a nono. Aka yi mata aiki, sannan aka fara ɗura mata wani magani ta jijiya, daga lokaci zuwa lokaci. Maganin ya zubar mata da gashi, ya ɗauke mata ɗanɗano, ya bar ta tana iyo a cikin rigunan da ita ta ɗinka wa kanta. Ranar da za su koma gida bayan ɗurin farko, wata nas mai kaurin murya ta tsayar da Baba a baranda.

"Baba, ka saurare ni da kyau. Maganin nan yana kashe ciwo, yana kuma kashe sojojin jininta. Yanzu gidanta ba maigadi. Zazzaɓin da ni da kai za mu sha magani mu kwanta, ita yana iya tafiya da ita a kwana ɗaya. Ka riƙa auna ta safe da yamma. In zafin ya wuce talatin da takwas, kada ka ba ta komai, kada ka jira komai, ka kawo ta."

"Talatin da takwas," ya maimaita. Lambar ta yi masa ƙanƙanta a baki.

Tilo ta aiko da ma'aunin zafin jiki, fari, siriri kamar alƙalami, mai ɗan gilashin da lamba ke fitowa a ciki. Ranar da ya iso ta kira su ta waya don ta ga an gwada.

"Baba, ka ja wayar baya, hancinka kaɗai nake gani."

"Shi ya fi komai kyau a fuskar."

Ya sa wa matarsa abin a ƙarƙashin harshe. Ya yi 'yar ƙara, ya ciro, ya karanta, ya sake karantawa.

"Casa'in da takwas da ɗigo shida."

Innar Tilo ta dube shi. Ko ita ta san a ɗari ruwa yake tafasa, ta sha ji a bakinsa.

"To, Baban Tilo, me kake jira? Kawo ganyen shayi, saura ƙiris."

Tilo ta yi dariya har hoton ya girgiza. Ta ce laifinta ne, ta manta, a ƙasar da take ba da awo ɗaya suke auna zafi ba. Nasu Faranhait ne, shi ya sa akwai harafin F a gefen lambar. Na asibitin su Inna, da na tanderun Baba, Salsiyos ne. Ta ce akwai yadda ake danna ma'aunin ya juya, amma duk dannawar da Baba ya yi da kaurin yatsansa sai dai abin ya mutu ya sake kamawa. Daga ƙarshe ta turo masa wani shafi na intanet, ta sa maƙwabcinsu direban tasi ya manna masa shi a fuskar waya.

Shafin ba shi da wani ado. Gurbi ne a sama, gurbi a ƙasa. Ka rubuta lambarka a na sama, amsa ta fito a na ƙasa tun kafin ka ɗaga yatsa. Baba ya rubuta casa'in da takwas da ɗigo shida, sai ga talatin da bakwai cif.

"Lafiyayyen mutum ke nan," in ji Tilo.

Akwai wani awo na uku a can ƙasa, mai harafin K. Baba ya taɓa shi don son sani, ya ba shi ɗari uku da goma.

"A wannan kuma na ƙone ƙurmus," in ji Innar Tilo. "Mutum ɗaya, a tafasa shi nan, a toya shi can. Ku dai ku zaɓa mini wanda zan rayu a ciki."

Shafin ya shiga ran Baba. Da rana, in ta yi barci, yakan zauna kan kujerar kekenta yana wasa da shi. Ya juya gurbin, ya rubuta zafin tsohon tanderunsa, ya ga ɗari huɗu da ashirin da takwas, ya ce ashe a ƙasar Tilo shi jarumi ne. Ya auna zafin ranar da ake faɗa a rediyo, ya auna na ƙanƙara. Amma abin da ya fi zauna masa shi ne na safe da yamma. Kullum ma'aunin sai ya ba shi babbar lamba mai faɗar da gaba, ya zuba ta a gurbin sama, ta fito ta ƙasa 'yar ƙarama, mai ladabi. Tsoro ya shiga da rawani, ya fito da hula. A hankali ya saba da wannan sauƙin, har ya zama yana rubuta lambar ne don ya ji sanyi, ba don ya sani ba. Sabo kuwa turken wawa ne, ko da mai shi ba wawa ba ne.

Bayan ɗuri na uku, wata safiya, ta bar shayinta rabi. Ta ce bakinta ɗaci, gaɓoɓinta kamar an yi mata duka. Ya kawo ma'aunin. Ɗari da ɗaya. Bai taɓa ganin ya haura ɗari ba, yatsansa ya yi ta kuskuren lamba kafin ya rubuta daidai. Gurbin ƙasa ya ce talatin da takwas da ɗigo uku.

Ya tsaya yana kallonsa. Muryar nas ɗin ta dawo masa ɗaya bayan ɗaya, ba abin da ya manta.

"Nawa?" in ji ta.

"Ya ɗan leƙa."

"Da nawa ya leƙa?"

"Ɗigo uku."

"Ɗigo uku na guda?"

"Ko rabin guda bai kai ba."

Ta juya fuskarta bango. Ya san abin da take gani a bangon: dogayen bencina, warin maganin wanke ƙasa, da ɗakin da ake neman jijiyarta a soka nan a soka can, har sai an koma bayan ƙafa. Zuwansu na ƙarshe ta yi amai a baranda a gaban mutane, ta yi kuka, ba don ciwo ba, don kunya.

"Baban Tilo," ta ce, ba ta juyo ba, "in ka mai da ni wurin nan saboda ɗigo uku, kwantar da ni za su yi. In suka kwantar da ni, ka san sauran. Taɓa ni ka ji. Kai da ka yi rayuwarka kana gaya wa mutane yanzu ko tukuna."

Ya ɗora tafinsa a goshinta. Ya lumshe ido yadda ya saba. Ya saurara, ya saurara, bai ji komai ba, kamar ya dafa bango. Ya juya bayan hannun, shi ma shiru. A duk rayuwarsa in allura ta ce wani abu hannu ya ce wani, hannu ke da gaskiya. Wannan kuma ɗan abu ne na roba, da ya sha jijjiga a jirgi da mota kafin ya iso. In jar allura mai nauyin ƙarfe tana ƙarya da goma, me zai hana wannan ya yi da ɗigo uku?

"Tukuna," ya ce.

Ya yi abin da ya iya. Ya buɗe taga, ya buɗe ƙofa, ya rage mata mayafi, ya jiƙa tsumma ya ɗora mata. Ita kuma, da ya shiga kicin, ta ja akwatin keken ɗinki ta ɗauko ƙwayar ciwon kai guda biyu daga cikin maɓallai ta haɗiye. Ya gani da ya dawo, takardar tana kan gado. Ya kau da kai. Da azahar lambar ta sauko, gurbin ƙasa ya ce talatin da bakwai da rabi. Ta tashi zaune, har ta nemi ya miƙo mata labulen matar direba da aka kawo a rage wa tsawo, ta yi masa 'yan ɗinki da hannu.

"Ka gani?" ta ce.

"Ke za ki gani. Na ce miki wuta ba ta son a firgita a gabanta."

Ya ji daɗin kansa a ranar, irin daɗin da rabonsa da shi tun yana bakin aiki.

Da yamma Tilo ta kira, tana tafe a wata doguwar baranda mai fararen fitilu, da rigar aiki a jikinta.

"Baba, nawa yau?"

"Ya ɗan motsa da safe, ya koma."

"Ya motsa zuwa nawa?"

Innar Tilo ta karɓe wayar. "Ke, likitar tsofaffi, ba gaisuwa sai lissafi? Dubi idonki, duk ya faɗa. Kina cin abinci kuwa? Wannan rigar wa ya ɗinka miki ita, maƙiyinki?"

Tilo ta yi dariya, wani ya kira ta daga wani ɗaki, ta ce za ta sake bugowa. Uwar ta ajiye wayar a kan cinya, dariyar ta zube daga fuskarta lokaci guda.

"Kada ka ɗaga mata hankali. Me za ta yi daga can, ta hura mini iska ta waya?"

Washegari da safe ma'aunin ya ce ɗari da biyu da ɗigo biyu. Shafin ya ce talatin da tara. Baba ya daɗe zaune a bakin gado da wayar a hannu. Guda ɗaya ne tak a kan abin da aka faɗa masa. Ya yi ƙoƙari ya tuna wani abu a duniya da guda ɗaya ya taɓa lalatawa, bai samu ba. Ruwan da ake jiƙa yis da shi ma ya kai haka, ruwan da in ka tsoma yatsa sai ka ce ɗan ɗumi ne, irin na wankan jariri. A wannan zafin kwaɓi yake tashi, yana numfashi a ƙarƙashin tsumma kamar mai rai. Yaya zafin da ke rayar da kwaɓi zai kashe mutum?

Ya taɓa goshinta. Bango.

"Jiya ma ya sauka," ta ce, idonta a rufe. "Ba ni ƙwayar."

Wannan karon shi ya ɓare mata da hannunsa.

Bai sauka ba. Rana ta ɗaga, ta juya, ta zo ta tsaya kan keken ɗinki, hayaniyar titi tana shigowa ta taga, masu gyaran taya suna buga ƙarfe a ƙasa. Innar Tilo ta fara rawar sanyi. Haƙoranta suna haɗuwa, gadon yana amsawa.

"Rufe tagar. Sanyi, Baban Tilo. Kawo bargo."

Ya rufe, ya kawo, ya ƙara da nasa. Ya auna ta, da ƙyar ta riƙe abin a baki. Ɗari da huɗu. Arba'in, in ji shafin.

Nan kansa ya ɗaure. Wanda yake cikin zafi ba ya neman bargo, wannan ko yaro ya sani. Lalle abin ya lalace. Ya goge shi da gefen riga, ya sa a bakinsa, ya jira ƙarar. Casa'in da takwas da ɗigo huɗu. Ya rubuta. Talatin da shida da ɗigo tara. Ashe lafiyar abin ƙalau. Ya dafa goshinsa da hannun dama, ya dafa nata da na hagu, ya tsaya a haka kamar mai auna tulu biyu. Duk ɗaya ya ji su. Uku ne tsakaninsa da ita. Uku. Ya yi ta juya lambar a ransa, yana neman inda haɗarin ya ɓuya a cikinta.

Ana cikin haka aka ƙwanƙwasa ƙofa. Matar direba ce, ta zo tambayar labulenta, da garin sabulu a hannu, da alama daga wanki ta taso.

"Baba, ina wuni. Ina Innata? Ko ta sayar mini da labule ta ci kuɗin?"

Ta leƙa ɗakin, maganar ta tsaya mata. Ta ƙarasa bakin gadon, ta sa hannu a wuyan tsohuwar, ta fizge shi kamar ta taɓa dutsen guga.

"Baba, wuta ce a jikinta."

"Sanyi take ji. Na taɓa ta, ba zafi."

"Da me ka taɓa ta?"

Ya ɗaga hannuwansa. Ta dube su, ta dube shi. Ta fita da gudu tana kiran mijinta daga kan matakala.

Baba ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar ɗakin, hannuwansa a ɗage. Ya kalle su kamar yau aka ba shi aronsu: tabon gwangwani a gindin babban yatsa, fatar da ta yi sheƙi, layukan tafin da suka shafe. Sannan ya durƙusa a kan gwiwoyin da suka daɗe da daina durƙuso, ya sunkuya, ya ɗora kumatunsa a goshinta.

Ya san wannan zafin. Shi ne yake dukan fuska in an buɗe ƙofar tanderu, wanda yake sa ido ƙwalla. Yana nan tun jiya, taƙi ɗaya daga fuskarsa, yana kiransa, shi kuwa yana ta aika masa kurman ɗan aike.

"Yau kuma?" ta ce a hankali, ba ta buɗe ido ba. "Da tsufanmu?"

Direba ne ya sauko da ita a hannu, nannaɗe cikin bargo, ba ta fi nauyin buhun da aka ci rabinsa ba. Baba ya zauna a baya, kanta a cinyarsa. Hanyar asibiti ta cushe, lokacin tashi daga aiki ne. Direba yana ta danna oda, yana leƙa kai ta taga yana roƙon masu motoci da zagi a haɗe. Matarsa a gaba tana juyowa tana kiran "Inna, Inna," don kada ta yi shiru. Innar Tilo tana magana, amma ba da su ba. Tana faɗa wa wani ya riƙe mata bakin yadin, kada ya ja, zai karkace. Can ta kira sunan wata ƙanwarta da ta rasu tun suna yara. A wata danja ta buɗe ido, ta gane shi.

"Ka kashe wutar shayi?"

"Na kashe."

"Ƙarya kake."

"Matar direba ta kashe."

"To."

A ƙofar asibiti aka ɗora ta kan gadon turawa, aka wuce da ita ta wata ƙofa mai ganye biyu. Nas ɗin nan mai kaurin murya ce ta fito wurinsa.

"Tun yaushe?"

"Jiya da safe."

"Nawa ne a lokacin?"

"Talatin da takwas da ɗigo uku."

"Ka auna, ke nan."

"Na auna."

"Ka ba ta wani abu?"

"Ƙwayar ciwon kai."

Ta dube shi. Ya jira faɗan, yana ma son sa, da ta ɗaga murya a gaban jama'a da ya samu abin riƙewa. Ba ta ɗaga ba. Ta nuna masa benci, ta ce ya zauna, ta koma ciki da sauri.

Ya zauna. Direba ya kawo masa ruwa, ya sha don kada ya ɓata masa rai. Shi ne kuma ya kira Tilo, don Baba ya kasa. Likita ya fito sau ɗaya, matashi mai gajiyayyen ido, ya ce ƙwayar cuta ta shiga jininta, jinin ya faɗi, ƙodarta ta fara gazawa, suna iya ƙoƙarinsu. Bai ce da an zo jiya ba. Baba ne ya tambaya.

"Da jiya na kawo ta fa?"

Likitan ya gyara abin da ke rataye a wuyansa. "Da mun fi samun abin yi, Baba. Iyakar abin da zan iya ce maka ke nan."

An bar shi ya shiga sau ɗaya, washegari da safe. Ta yi ƙanƙanta a cikin gadon, robobi sun shiga ta nan sun fita ta can, wani allo a saman kanta yana ta rubuta lambobi kore da ja, suna hawa suna sauka. Bai san awon ko ɗaya daga cikinsu ba. Ya tsaya a gefenta, ya yi mata magana ƙasa-ƙasa. Ya ce Tilo tana hanya. Ya ce labulen matar direba saura gefe ɗaya, kada ta sa a ce ta gudu da aikin mutane. Bakinta ya ɗan motsa, ko kuwa robar ce ta motsa.

Rana ta karkata lokacin da nas ɗin ta sake fitowa. Wannan karon ba ta sauri. Tana riƙe da wata 'yar leda, a ciki akwai 'yan kunne biyu da ɗankwalin da Innar Tilo take rufe kanta da shi tun da gashin ya zube. Ta zauna kusa da shi a kan bencin, abin da bai taɓa ganin ta yi da kowa ba, ta ɗora ledar a cinyarsa.

"Sai haƙuri, Baba."

Matar direba ta rufe fuska da gyale. Direba ya miƙe ya tafi bakin taga ya tsaya. Baba ya gyaɗa kai, ya ce daga Allah muke, gare shi za mu koma, muryarsa ba ta ko yi rawa ba. Yana cikin kallon ledar wayar ta yi ƙara a aljihunsa.

Tilo ce. Ba hoto, murya kawai, da amon wani babban wuri a bayanta.

"Baba, na sauka a filin jirgi na biyu, saura ɗaya in iso. Yaya take? Ya sauka? Sun gaya maka nawa ne yanzu?"

Ya buɗe baki. A can bayanta wata mace tana ta sanarwa da wani harshe, ƙafafu suna wucewa, wani yaro yana kuka.

"Baba? Kana ji na? Nawa ne?"

"Sun daina aunawa, Tilo."

Ya ji numfashinta yana shiga yana fita, ya ji wani abu ya faɗi, jaka ko ita kanta, bai sani ba.

"Amma na aiko maka da abin," ta ce daga ƙarshe, da wata ƙaramar murya irin ta lokacin da take 'yar makaranta. "Na nuna maka shafin. Bai yi aiki ba ne?"

"Ya yi aiki."

"To me ya faru?"

Ya dubi nas ɗin, ta sunkuyar da kai. Ya dubi doguwar barandar, inda wata mata take goge ƙasa, tana matsar da bokitinta gaba kaɗan-kaɗan.

"Ki tashi ki hau jirginki," ya ce. "In kin zo zan gaya miki duka. Ba zan rage komai ba."